Faɗin mota da lodin kayan gona a kan babban titi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan galibi daga mutum iri uku suke zuwa: 'yan'uwanmu da ke jan tirela a Amurka ko suke shirin farawa, da masu son sayo tsohuwar tarakta ko injin girbi daga waje, sai kuma masu lodin buhu da harawa a nan gida da suke son sanin wai shin akwai ma wata doka a kan faɗi ko kuwa duk abin da igiya ta riƙe ya halatta. Na fi zama a kan Amurka saboda can ne maganar ta fi tsari kuma ta fi rikitarwa a lokaci guda, amma za mu leƙa Turai da Ingila, mu kuma zo namu.

Wai nawa ne faɗin da doka ta yarda wa mota a Amurka?

Inci 102, wato ƙafa 8 da rabi, kusan mita 2.6 ke nan. Da ba haka yake ba, dokar manyan hanyoyi ta 1956, wadda aka gina manyan titunan da suka haɗa jihohi a ƙarƙashinta, inci 96 ta sa, ƙafa 8 cif. Sai a 1982 majalisar tarayya ta yi wata dokar ta ɗaga shi zuwa 102 a kan manyan hanyoyin da aka ware wa manyan motoci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a kan waɗannan hanyoyin jiha ba ta da ikon ta ce ita nata ya fi haka ko bai kai haka ba, 102 ɗin ne sama shi ne ƙasa. Hawaii ce kawai aka bar mata inci 108.

Amma fa kar ka ɗauka ko'ina haka ne. Da ka sauka daga babban titi ka shiga ƙananan hanyoyi ko cikin wasu tsofaffin birane, akwai inda har yau ƙafa 8 ɗin nan ta da ce ke aiki, kuma ɗan sandan wurin ba ruwansa da cewa ka taho daga jiha uku ba wanda ya tare ka.

Madubin gefe yana cikin lissafin?

A'a. Madubi, fitilar sigina, maƙalin da direba ke kamawa ya hau, duk ba a auna su. Kaya kuwa ana aunawa. In bodin motarka inci 102 ne amma buhu ko katako ya leƙo gefe, to faɗin motarka ya koma daga bakin wancan buhun zuwa bakin na ɗaya gefen. Nan ne mutane ke faɗawa.

Me ya sa wannan adadin, ba wani ba?

Saboda titi ne ke yanke hukunci, ba mota ba. Hannu ɗaya na babban titin Amurka ƙafa 12 ne, in ka sa mota mai ƙafa 8 da rabi a tsakiya saura ƙafa uku da rabi, ka raba biyu, bai kai ƙafa biyu ba kowane gefe, kuma a cikin wannan ɗan ratar ne madubi zai zauna, iska za ta kaɗa tirela, direba zai yi ɗan lilo. Sannan akwai lissafin kaya: katakon ɗora kaya da ake kira falet a can inci 48 ne a dogon gefensa, biyu a jere inci 96, ka ga mota mai faɗin 96 daga waje ba za ta ɗauke su haka ba tunda bangonta ma ya ci wani abu. Kwantenar jirgin ruwa kuma ƙafa 8 ce, mita 2.44, shi ya sa kusan ko'ina ka je a duniya za ka tarar da iyakar faɗi tana yawo tsakanin mita biyu da rabi zuwa 2.6, dole ta bar wa kwantena wuri.

Bari mu kawo lissafin gida don ya fi zama a kai. Titin tarayya mai hannu biyu a Najeriya, irin wanda mota ke zuwa mota ke dawowa ba shinge a tsakiya, ana yin kwaltarsa mita 7.3, kowa na da 3.65. Tirela biyu masu faɗin mita 2.55 in sun yi gaba da gaba sun ci 5.1, saura mita 2.2 su raba tsakaninsu da gefuna. To yanzu a ce kowacce an yi mata lodin da ya leƙo rabin mita hagu rabin mita dama, sun ci 7.1. Saura santimita 20. Tafin hannu ɗaya ke nan, kuma wannan in gefen kwaltar bai zaizaye ba, wanda kai ma ka san ya zaizaye. Duk mai babur ko mai keke da ya zo daidai wurin a wannan lokacin sai dai Allah ya kiyaye.

Turai fa?

Tarayyar Turai mita 2.55 ta sa a ƙa'idarta ta 1996, motocin sanyi masu ɗaukar nama da kifi da madara kuma an ba su 2.60 saboda kaurin bangon da ke riƙe sanyin. Bisa mita 4 ga motar da za ta tsallaka iyaka, tsawon kai da tirela mita 16.5. Yawancin DAF da MAN da Mercedes ɗin da ake kawo mana na hannu a kan wannan awon aka ƙera su, ma'ana motar da kanta ta zo daidai, mu ne ke kai ta wajen mai walda a ƙara mata ƙarfe a gefe da sama.

To mu a Najeriya da Nijar akwai doka, ko kowa gashin kansa yake ci?

Akwai, a takarda kam akwai. Ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, Nijar na ciki, suna da ƙa'ida mai lamba 14 ta shekarar 2005, direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kwatano da Yamai ko Lome da Yamai sun san ta sarai don sun sha jin sunanta a wurin sikeli. Ita ma mita 2.55 ta ɗauka, motar sanyi 2.60, ta kuma sa iyaka a kan nauyin da kowane aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, zai ɗauka. ECOWAS ta zo a 2012 ta yi nata tsarin na daidaita girma da nauyin motocin kaya don ya haɗa har da masu Ingilishi irin su Najeriya da Gana. A cikin Najeriya kuma ga FRSC, 'yan Road Safety, da aka kafa a 1988 suna da laifin obalodi a jerin laifukansu, ga 'yan VIO, ga na jihohi irin su KAROTA a Kano.

Matsalarmu ba rashin doka ba ce. Ka tsaya bakin hanyar Dawanau lokacin kaka, ko hanyar Sakkwato zuwa Illela lokacin albasa, ka kalli abin da ke wucewa. Motar Kanta ce za ka gani an ɗaura mata buhunan ƙaiƙayi ko harawa har ba ka ganin tayar baya sai ta zo dab da kai, daga nesa kamar bukka ce ta tashi tana tafiya, direban ba ya ganin komai a madubinsa sai buhu, yaron mota ne a can sama yake buga masa bodi in wani na son wucewa. Kuma ta wuce shinge nawa kafin ta iso nan? Kowa ya san amsar. Ni a ganina hukuma ta fi damuwa da nauyi saboda nauyi ne ke fasa mata titi, faɗi kuwa ba ya fasa titi, mutane yake kashewa, shi ya sa ba a cika ɗaga murya a kansa ba.

Na ji an ce a Amurka manomi ba ruwansa da wannan dokar, gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai tsada.

Dokar tarayyar da ta sa inci 102 ta cire wasu injina daga ciki, waɗanda ba don ɗaukar mutane ko kaya aka ƙera su ba, hawa titi kawai ya kama su ne a kan hanyar aiki: injinan gona, na gyaran titi, na soja, na kashe gobara. Sai aka bar wa kowace jiha ta tsara nata. Yawancin jihohin noma kuma sun ce to, tarakta da abin da take ja, injin shuka, injin feshi, injin girbi, in manomi na tafiya da shi daga wannan gona zuwa waccan, ba a tambayarsa takardar izini ko da ya fi faɗin doka. Dalilin a fili yake, injin girbi na zamani ko an cire masa bakin yankan yana iya kai ƙafa 12 ko fiye, ba yadda za a yi a ce duk sanda mutum zai tsallaka zuwa gonarsa ta ƙetaren titi sai ya je ofis.

Amma sassaucin nan yana zuwa da sharuɗɗa, kuma kowace jiha da nata. Wata ta ce da rana kawai. Wata ta sa iyakar nisa. Wata ta ce in ya wuce kaza sai da mota a gaba mai fitila. Kusan dukkansu kuma ba sa barin tarakta ta hau manyan titunan nan da suka haɗa jihohi, saboda can gudu ake yi kuma akwai mafi ƙarancin gudun da aka yarda da shi. Sannan an yafe maka takarda ne, ba a yafe maka hankali ba: in injinka ya cinye hannun wani aka yi karo, ba za ka je kotu ka ce ai ni manomi ne a sallame ka ba.

Bakin yankan injin girbi kuwa, wanda kan kai ƙafa 30 har 40, ba mai hankalin da ke hawa titi da shi a ɗaure. Kwance shi ake yi a ɗora a kan wata doguwar tirela siririya a ja shi ta tsawonsa.

In na ɗora injin a kan lobed fa, tirelar nan mai ƙasa-ƙasa ta ɗaukar manyan injina, ni direban haya?

To nan labari ya canza. Injin da ke tafiya da ƙafarsa injin gona ne. Da ya hau bayan motarka kana karɓar kuɗin dako, a jihohi da yawa ya zama kaya kamar kowane kaya, in ya wuce inci 102 sai da famit, wato takardar izini. Akwai jihohin da suka ɗan sassauta wa manomin da ya ɗauko nasa da motarsa, ko dilan injinan gona, amma kai da kamfani ya turo ka ɗauko tarakta daga Iowa ka kai tashar jirgin ruwa a Baltimore, kar ka bari wani dilali ya ce maka "ai kayan gona ne, wuce kawai". Shi yana zaune a ofis, lasisinka ne a kan layi, kuma famit ba na ƙasa baki ɗaya ba ne, kowace jihar da za ka ratsa sai ka sayi nata.

Ciyawa da buhunan hatsi fa, ana ba su famit in sun yi faɗi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa da mu, don ita ce ainihin abin da muke yi a gida.

Ƙa'idar ita ce famit na kayan da ba ya rabuwa ne. Ma'anar da tarayyar Amurka ta bayar: kayan da in ka raba shi zai lalace, ko ya daina amfani, ko kuma kwance shi zai ci fiye da awa 8 na aiki da kayan aikin da suka dace. Taransifoma, katafila, ƙarfen gada, rabin gida da aka ƙera a masana'anta. Buhun masara kuwa yana rabuwa, ka sauke goma ka dawo ka ɗauka, don haka ba wanda zai ba ka takardar ka jera su su leƙo gefe. Amsar da za a ba ka ita ce ka yi sawu biyu.

Ciyawar dabbobi ce ta samu ɗan gata. Manoman can suna naɗe ta ne manya-manyan dunƙule masu siffar ganga, kowanne faɗinsa ƙafa 4 ko 5, to in ka jera masu ƙafa 5 guda biyu gefe da gefe ka kai ƙafa 10, ka wuce doka ke nan, in ka jera ɗaya-ɗaya kuma kuɗin mai ya cinye ribar. Shi ya sa jihohin kiwo suka yi mata tsari na daban. Texas misali tana da famit na shekara guda musamman don irin wannan dunƙulen, har faɗin ƙafa 12. Lokacin fari kuma gwamnoni kan sassauta na ɗan lokaci don a kai wa makiyaya abincin dabbobi daga wasu jihohin. Ka lura fa, ko da aka sassauta an sa iyaka, an kuma rubuta ta, ba a ce kowa ya ɗaura iya ƙarfin igiyarsa ba.

Harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa da muke ɗauka matsalarsu iri ɗaya ce da wannan: ba nauyi, sai cika wuri. Mai kaya yana ganin mota ba ta ma ji komai ba, sifirin bai kwanta ba, sai ya ce a ƙara. Tunda sama ta ƙure saboda wayoyin lantarki, sai a ƙara ta gefe.

Ya famit ɗin yake, me ake rubutawa a ciki?

Ma'aikatar sufuri ko ta motoci ta jihar ce ke bayarwa, yanzu kusan duk ta intanet ake cikewa. Za ka ba da faɗi da tsawo da bisa da nauyi, da lambar mota, da inda ka taso da inda za ka. Su kuma su rubuta maka hanyar da za ka bi, ba kai ke zaɓa ba, saboda sun san inda ake gyaran titi an matse hannu da inda gada ta yi ƙasa. In ka kauce wa hanyar da aka rubuta, takardar ta tashi a banza, kamar ba ka da ita. Akwai na sawu ɗaya mai 'yan kwanaki, akwai na shekara ga masu yi kullum.

Sai kayan alama: ƙyalle rawaya mai baƙin rubutu OVERSIZE LOAD gaba da baya, jajayen tutoci ko ruwan lemo a kusurwoyin da suka fi leƙowa, fitila mai juyawa a wasu jihohin. Ko ba ka kai ga neman famit ba ma, dokar tarayya ta motocin haya ta ce kayan da ya leƙo fiye da inci 4 a gefe ko ƙafa 4 a baya sai an sa masa tuta mai inci 18 kowane gefe. Mu nan ganye ko jar leda ake ɗaurawa a bakin rodi, to asalin abin ke nan, sai dai ganyen ba ya haske da dare.

Yaushe ake buƙatar motar rakiya?

Ya danganta da jiha da irin titin. A wurare da yawa daga wajen ƙafa 12 ake fara maganarta, musamman a titi mai hannu biyu, in faɗin ya ƙaru a ce biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, in ya yi girma sosai har 'yan sanda. Kuɗin rakiyar yana kan mai kaya, kuma sau tari ya fi kuɗin famit ɗin nesa ba kusa ba.

Alwatikar nan mai ruwan lemo da ake gani a bayan tarakta mene ne aikinta?

Alamar abin hawa mai tafiyar hawainiya ce, wanda bai wuce mil 25 a awa ba, kilomita 40 ke nan. A Jami'ar Jihar Ohio aka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1960 bayan an duba haɗurran da ake yi da tarakta aka ga da yawa daga baya ake dukanta. Tsakiyar ruwan lemo ce mai ƙyalli don rana, gefen ja ne mai mayar da hasken fitila don dare. Ana sa ta da tsininta a sama. In abin da tarakta ke ja ya rufe ta, to a bayan abin da ake ja za a sa wata. Wannan ƙaramin abu ne mai arha da na so a ce kowace tarakta da kowane amalanken shanu a hanyar Kura da Kadawa yana da shi, don masu dawowa daga gona bayan magariba ba fitila ba komai suna da yawa.

Ingila fa, tunda daga can ake kawo mana Massey Ferguson da yawa?

Nasu ya fi fitowa dalla-dalla. Har mita 2.55 ba matsala. Daga nan zuwa mita 3 kana iya tafiya amma gudu kar ya wuce mil 20 a awa. In ya haura mita 3, kuma tafiyar ta fi mil 5 ko za ka bi ta inda iyakar gudu mil 40 ce ko ƙasa, sai ka sanar da 'yan sanda awa 24 kafin ka tashi. Ya haura mita 3.5, sai da ɗan rakiya kuma gudu ya dawo mil 12. Mita 4.3 ce ƙarshe ga injin gona. Hanyoyin ƙauyensu ƙanana ne ƙwarai da shingen itatuwa hagu da dama, shi ya sa masu ƙera injina na Turai suke yin galma da injin shuka masu naɗewa su miƙe sama in za a hau titi.

Me ya sa ake hana su tafiyar dare? Ai da dare titi ya fi zama fili.

Fili kam ya fi, amma mai tahowa da dare fitilu biyu yake gani, da su yake auna faɗin abin da ke gabansa. In kaya ya leƙo mita guda bayan fitilar, bai san da shi ba sai ya ji shi a gilashinsa. Shi ya sa yawancin famit daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta, wasu su ƙara rabin awa kowane gefe, a kuma hana ranakun manyan bukukuwa da lokacin hazo ko ƙanƙara. Mu kuma akasin haka muke yi, da dare ake tashi da irin wannan lodin, don tumatir kar ya sha rana, don kuma masu tsaron hanya sun ragu. Na farkon uzuri ne, na biyun kuwa kowa ya san sunansa.

Faɗi da nauyi ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kowanne da dokarsa da tararsa. A Amurka iyakar tarayya fam 80,000 ce gaba ɗaya, tan 36 da ɗoriya, aksil guda fam 20,000, tagwaye 34,000. Kana iya zama daidai a nauyi ka karya ta faɗi, irin na mai harawa, kana iya zama daidai a faɗi ka karya ta nauyi, irin na mai siminti. Bisa kuwa tarayya ba ta sa mata iyaka ba, jihohi ne, yawanci ƙafa 13 da rabi zuwa 14.

In an kama, wa ke biya, direba ko mai kaya?

A bakin titi direba ake gani, shi ake rubuta wa. A Amurka bayan tarar, motar ba ta motsawa sai an gyara lodin ko an samo takarda, laifin kuma yana shiga tarihin kamfanin, kuɗin inshora ya hau. Tsarin UEMOA ma ya tanadi a sauke abin da ya yi yawa kafin mota ta ci gaba, ya kuma ɗora wa manyan wuraren lodi irin su tashar jirgin ruwa da masana'antu nauyin su auna mota kafin ta fita ƙofarsu, wanda a ganina shi ne daidai. Don direba shi ne mafi rauni a cikin cinikin. Alhaji mai kaya yana son buhu ɗari biyu su tafi a kuɗin ɗari da hamsin, ɗan kamasho yana son nasa ya ƙaru, masu lodi da buhu ake biyansu, mai mota yana jiran balas. In direban ya ce "Alhaji wannan ya yi yawa", sai a ce masa ga wani can a layi zai ɗauka. Muddin ba a tare abin a tasha da kasuwa inda ake ɗaura igiyar ba, kamun bakin hanya kuɗin shayi kawai yake ƙarawa.

Ni mai ƙaramar mota ne, ya zan yi in na ci karo da irin wannan a hanya?

Ka fara rage gudu tun daga nesa, kar ka jira sai ka gane mene ne. In kana kilomita 100 a awa tarakta na 25, tazarar mita 100 da ke tsakaninku ba ta kai daƙiƙa biyar za ta ƙare. Kar ka wuce a kwana ko kan gada ko kwalbati, don a nan ne mai faɗin kaya yake shigowa tsakiya ya kauce wa ƙarfen gefe. Kuma in ka ga tarakta ta ɗan ja dama ta rage gudu, kar ka yi saurin cewa hanya ta ba ka, sau da yawa buɗewa take yi don ta karya hagu ta shiga gona, kai kuma ka taho ka saka kai daidai lokacin. Ka duba ko akwai mashiga a hagun. In ba ka ga fuskar direban a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Zan sayo tsohon injin girbi daga waje, me zan tambaya kan faɗi kafin in biya?

Ka ce a ba ka faɗinsa na tafiya a titi, ba na aiki a gona ba, da tayoyin da ke jikinsa yanzu, don tagwayen taya suna ƙara masa sosai kuma ana iya cire na wajen. Ka tambaya ko bakin yankan yana zuwa da tirelarsa, in ba ya zuwa ka sa kuɗin ƙera ta a lissafi. Cikin kwantena wajen mita 2.35 ne kawai, ƙofarta ma ta ɗan fi haka matsewa, don haka ko dai a kwance injin gunduwa-gunduwa ka nemi makanikin da zai iya mayar da shi, ko a saka shi a jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita, ko a kan kwantena marar bango, kowanne da farashinsa. Daga gonar mai sayarwa zuwa tashar jirgin can ma akwai kuɗin famit da ƙila na rakiya, ka tabbatar wa zai biya tun kafin a yi ciniki.

Sai kuma ka je da tef ka auna hanyar da zai bi a nan, daga bakin kwalta zuwa gonar taka: kwalbatin shiga gari, gadar kan magudanar ruwa in fadamar noman rani ce, lungun da ke tsakanin katangu, da wayoyin wuta da suka yi ƙasa. In gonakin naka ƙanana ne a warwatse, ƙananan injinan girbin shinkafa masu tafiya a kan sarƙar roba irin na Kubota, da faɗinsu bai fi mita biyu da 'yan kai ba, suna hawa bayan babbar mota daidai ba tare da sun leƙo ba.